Fentin da Ya Raba Ni da Garkar Kakanmu

Ko zan manta ranar ɗaurin aurena, ba na jin zan manta bazarar da ni da taubashina muka sa gidajenmu a kasuwa. Har yau in na bi ta bakin tabkin Madarumfa na hango wani mangwaro, sai abin ya dawo mini sabo.

Taubashin nan ɗan goggona ne, masunci. Tun muna yara nake jin ƙyashinsa, ba wani ɓoye-ɓoye. In muka jefa ƙugiya tare, tasa ke kamawa. Mutum ne da ko barci yake, sa'a sai ta zo ta tashe shi. Ni kuwa komai sai na yi gumi. Na sha ci-rani a Katsina har na koyo aikin fenti, na dawo ina ji da kaina, shi yana nan inda na bar shi, yana ɗinkin koma yana kirana bawansa.

Akwai wata garka, wato lambu, a bakin tabki da kakanmu ya sayar a wata shekarar yunwa, da mangwaron da ya dasa da hannunsa a tsakiyarta. Tsohon da ke riƙe da ita ya kira mu ya ce zai koma wurin ɗiyansa a Maraɗi kafin ruwa ya sauka. Jinin mai ita ya fi kowa cancanta, in ji shi, amma ba zai raba ta biyu ba. Wanda ya riga kawo kuɗi a cikinmu, tasa ce. Dukanmu ba mu da abin sayarwa sai gidajen gado da ke tsaye babu kowa a unguwar da ke kusa da tabki. Nawa na mahaifina ne, a kan ɗan tudu, ruwa bai taɓa leƙa shi ba. Nasa na goggo ne, a gangare, kuma kowa ya san ambaliya ta taɓa shiga. Na ce a raina, yau dai Allah ya kama mini shi.

Na zauna na auna hanyoyi. Dillali yana da ƙafa yana da baki, sai dai la'ada, ga shi yakan ɗora nasa a kai har mai saye ya tsorata. Hotuna a waya kuwa suna kai wa har Maraɗi da Jibiya, amma masu tambaya sun fi masu saye yawa. Sai hanyar iyayenmu: ka gaya wa mai unguwa, ka sanar da maƙwabta bayan sallah, ka koma ka zauna jira. Wannan na raina ta, na ce ta malalata ce. Na ɗauki dillali, na kuma shirya hotuna, sannan na ƙara da abin da na gani a birni. Na sake yaɓe gindin bangon da siminti, na shafe gidan ciki da waje da shuɗin fenti, har zaure.

Taubashina ya biyo da koma a kafaɗa, ya tsaya ya ƙare wa gidan kallo.

"Bawana, gida za ka sayar ko amarya za ka kai?"

Na ce masa baƙin ciki ne ke cin sa. Ya yi dariya ya wuce. Shi abin da ya yi kawai, ya gaya wa mai unguwa, ya buɗe ƙofar gidan goggo, ya shimfiɗa tabarma a bakinta ya ci gaba da ɗinkinsa. Ko shara bai yi ba.

Hotunana sun yi farin jini, waya ba ta huta ba. Dillali ya riƙa kawo mutane. Amma abin da ya ɗaure mini kai, duk wanda ya shigo ba ya ɗaga kai ya dubi rufi ko ya yaba launi. Durƙusawa yake a gindin bango, ya sa farce ko makullin moto ya ɗan kankara, ya miƙe ya ce zai yi shawara. Shawarar da ba ta ƙarewa. Raina ya riƙa ɓaci, har na kusa marin wani da ya ɓata mini fenti.

Rannan da hantsi dillali ya zo da wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da aka yi wa canjin aiki zuwa garinmu, kuɗinsa a shirye, iyalinsa na jira. Shi ma ya durƙusa ya kankara. Da ya miƙe sai ya dube ni ya ce, "Malam, me ke ƙarƙashin fentin nan?"

Na rantse masa ruwa bai taɓa shiga gidan ba tun da aka gina shi. Ya ce bai ƙaryata ni ba, amma tun kafin ya zo an gargaɗe shi: a unguwar tabki bango ake tambaya, ba mai gida ba. Ruwa in ya shiga yakan bar shatinsa, wanda kuwa ya yi sabon yaɓe daf da sayarwa, akwai abin da yake rufewa. Ni haifaffen unguwar nan ne, na san haka tun ina yaro, amma birni ya mantar da ni. Tsohon bangon mahaifina mai dauɗa, wanda babu shati ko ɗaya a jikinsa, shi ne shaidata, kuma ni da hannuna na binne shi.

Muna fitowa mushe ya hangi ƙofa a buɗe a gangare, ya tambayi dillali ko wancan ma na sayarwa ne. Na bi su kamar raƙumi da akala. Taubashina bai ko ajiye komarsa ba, ya kai su gindin bango ya nuna wani baƙin shati da bai kai ƙauri ba.

"Nan ruwa ya tsaya shekarar babbar ambaliya, Mushe. Bai taɓa wuce nan ba, ga shi kana gani."

Mushe ya auna da tafin hannu, ya ce in aka ɗaga dokin ƙofa shi ke nan. A gabana suka yi ciniki, a gabana aka yi sallama. Dillalin da ni na ɗauka, shi ya kawo masa mai saye har ƙofa! Gidan da ruwa ya taɓa shiga ya tafi, nawa da ke kan tudu yana tsaye yana sheƙi. Na yi tunanin kankare fentin, amma sabon siminti ne a ƙarƙashi, wa zai yarda?

Kafin ruwan farko garka ta zama tasa. Damina ta zo da ƙarfi, ruwa ya malale rabin unguwa, gidana ya tsaya a bushe ƙayau. Sai ga masu saye suna rububi, har da wanda na kusa mari, kuma shi ya saya ba tare da ya ja ciniki ba. Kuɗi sun zo, amma an yi ba a yi ba, don tsohon ya daɗe a Maraɗi.

Duk bazara taubashina yakan aiko mini da kwandon mangwaro, ya ce a kai wa bawansa mai fenti. Ina sha, don na kakana ne, amma ƙyashin bai bar ni ba, kuma yana sane. Abin da na koya shi ne, mai saye ya fi yarda da aibin da ya gani da idonsa a kan kyan da aka shafa masa. In kana da gaskiya, kada ka yi mata kwalliya har ka rufe ta. Ni na yi wa tawa, ga shi mangwaron kakana sai an aiko mini.