Jumma'ar da Aka Kwashe Ɗakin Inna a Buhu

Komai zan iya mantawa a rayuwata, amma ban da Jumma'ar da mutanen unguwa suka kwashe ɗakin mahaifiyata a buhunhuna. Har yau in na ga an tara ƙasar gini a ƙofar wani gida, sai in ji kamar in tsaya in yi masa gadi.

A Anka abin ya faru, a shekarun nan da haƙar zinari ta tashi a Bagega da ƙauyukan kewaye. Ni a lokacin ina koyarwa a Gummi, Inna kuma tana zaune tare da mu a gidan haya na bulo da kwano. Ba ta taɓa son gidan nan ba. Da rana ta ce an sa ta a tanda, in ruwa ya sauko ta ce kwano ya hana ta jin rediyo. Zancenta kullum ɗaya ne, gidan mahaifinta da ke tsohuwar unguwa a Anka, wanda aka sayar bayan rabon gado tun ina ƙarami. Da na ji wanda ya saya ya sa shi a kasuwa, sai na tattara ɗan abin da na mallaka na saye shi. Abokaina suka yi ta yi mini dariya, wai kowa yana gudun ginin ƙasa, ni kuma na je na sayi kango har da ƙadangarunsa.

Ba su yi ƙarya ba. Zaure ne kawai ke tsaye da ƙafarsa. Ɗakin da aka haifi Inna kuwa rufinsa ya rufta, bango ya karkace. Magini ya duba ya ce sai an rushe shi an sake, amma da ƙasarsa ta asali, domin tsohuwar ƙasa in ta sha ruwa aka kwaɓa ta da ciyawa ta fi sabuwa riƙo. Da na kai wa Inna wannan magana, sai ta kama hannuna ta ce, "Ƙasar ɗakin ga, babana yat taka ta da ƙahwatai. Kada ka bari ko dunƙule guda shi ɓace. Cikinta nike son damanar bana ta ishe ni." Na yi mata alkawari da ƙarfin gwiwa, kamar wanda aka ba ajiyar abin da ba mai so. Wa zai saci ƙasa?

Aka rushe ɗaki, aka tara ƙasar a ƙofar gida saboda tsakar gidan ba fili. Abin da ban kula da shi ba shi ne, mutanen zamanin da sukan daka wani dutse mai ƙyalli su zuba a yaɓen cikin ɗaki don ado, kuma kakata ba ta yi rowarsa ba. Da rana ta haska tulin nan, sai ya riƙa ƙifta ido yana kiran masu wucewa.

A nan taubashina ya shigo labarin. Ɗan kawuna ne, tela, wanda tun muna yara ba shi da aikin da ya fi ja mini magana. Da safiyar ranar, ina can Gummi na je ɗauko Inna ta ga yadda aiki ke tafiya, shi kuma yana teburin mai shayi. Wani ya ce yana tausayina da na zuba dukiyata a kango. Sai taubashin nan ya kurɓi shayi ya ce, "Ku dai kun cika barci. Kun taɓa ganin ɗan boko ya sai kango don Allah? Ku tai ku duba ƙasar da yat tara, ku gani in ba ta walƙiya."

Wasa yake yi, kuma a wani lokacin da dariya kawai za a yi a watse. Amma a shekarun nan, ko ƙyallin kwalba mutum ya gani a ƙasa sai ya duƙa ya duba. Kafin a sauko daga masallaci magana ta zaga gari, ta kuma yi ƙiba a hanya. An ce na kai ƙasar Gusau an auna. An ce kakana tukunya guda ta zinari ya niƙa a cikin yaɓe don ɓoyo.

Bayan la'asar muka shigo lungun, ni da Inna. Abin da na fara gani jaki ne da mangala cike yana fitowa, sai mai baro, sai babur ɗauke da buhu gaba da baya. Na ce a raina, ikon Allah, kowa gini yake yi a unguwar nan. Da muka iso ƙofar gida sai na ga fili fetal. Wata tsohuwa tana share wurin da tsintsiya tana tarawa a kwano, magini kuma yana tsaye baki sake da hularsa a hannu. Ya ce, "Malam, sallar Jumma'a kaɗai nit tai. Da nid dawo, har limamin lungu na gani da buhu."

Na juya na dubi Inna. Da farko dariya ta kama ta, har ta dafa bango. "Zinari? Dutsen da munka daka ni da innata a turmin gero?" Sai kuma dariyar ta tsaya. Ta zauna a dakalin zaure tana kallon inda tulin yake a da. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini irin na wannan yammacin ba. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga ɗaki babu, ga alkawarin da na yi.

Washegari na kai kuka wurin mai unguwa, ya sa aka yi shela kowa ya maido abin da ya ɗauka. Ashe an makara. Tun asuba mutane suka yi layi a rafi da kwanoninsu, suna wanke ɗakin kakana suna leƙen gindin kwano. Ba wanda ya samu ko ƙwayar gero ta zinari, ƙasa kuwa ta bi ruwa.

Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure ta ce a turo mata su. Haka suka riƙa shigowa, manyan magidanta da gemunsu, tana kiran kowa da sunan da uwarsa ke kiransa yana yaro. Ba ta zagi kowa ba, tambaya ɗaya take yi: "To, ɗana, nawa ka samu? A ba ni zakkata." Sai ka ga mutum ya sunkuya yana sosa ƙeya. Kafin azahar sun yanke wa kansu hukunci. Duk jakin da ya kwashi ƙasa jiya ya koma kududdufi ya ɗebo sabuwa, matasa suka naɗe wanduna suka shiga kwaɓi, aka yi gayya irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Na ji daɗi, amma na lura Inna ba ta ko taɓa sabuwar ƙasar ba.

Mutum ɗaya ne bai leƙo ba, taubashina. Sai ga matarsa ta zo ta durƙusa gaban Inna tana rufe baki da mayafi. Ta ce, "Inna, ku aika shagonai. Buhu biyu na nan ƙarƙashin yadin mutane."

Aka zo da shi yana ta raba ido. Na ce, "Kai da ka ƙirƙiro ƙaryar, kai ma har da kai?"

Ya ce, "Wallahi wasa nika yi. Amma da nig ga jama'a ta yi yawa, har da masu hankali, sai nic ce kada abin shi zan gaskiya a bar ni baya."

Ashe ya kai buhunan gida, matarsa ta tare ƙofa. Ta ce bayan yaran da gubar dalma ta kwashe a ƙauyuka, ba wanda zai shigo mata da ƙasar zinari inda 'ya'yanta ke rarrafe. Zuwa rafi kuma ya ji nauyin a gan shi. Shi ya sa ya ɓoye su a shago yana jiran ƙura ta lafa. Cikin dukan ƙasar ɗakin nan, abin da ɓarawon gida ya sata shi kaɗai ya tsira.

Inna ta sa aka kwance bakin buhu, ta cusa hannu ta damƙo, ta daɗe tana murzawa, hawaye na zuba. Sannan ta ɗago ta dube shi ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɓarawo." Zaure ya kaure da dariya, ni kuwa sai da na fita waje na share idona.

Buhu biyu ba su gina ɗaki, amma sun isa yaɓen bango guda, sai muka zaɓi wanda gadonta zai jingina da shi. Taubashin nan shi ya taka ƙasar da ƙafarsa, bisa umarninta. An ɗora azara, an rufe, an kafa indararo, ruwan farko ya same ta a ciki. A ɗakin ta yi sauran shekarunta, kuma a jikin bangon nan ta jingina ranar da ta cika.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, wanda ya sayi tsohon gida ba shi kaɗai ke da shi ba. Akwai rabon waɗanda suka gina shi suka tafi, akwai na maƙwabta, masu ɓarna da safe su gyara da yamma. Na kuma koyi cewa in kwaɗayi ya kama gari, ba a wasa da shi, domin har mai ƙaryar yana iya bin ƙaryarsa da buhu.