Hannun Baba a Gefen Hoto

Daga Babban Darakta na Gidan Adana Hotunan Injuna, zuwa ga iyalan marigayi Baba Mai Injin.

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa muka nufa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, bayan la'asar, labari ya iso ofishina cewa Baba Mai Injin ya rasu a kan bencin shagonsa, wayarsa a cinyarsa, yana jiran wani ya buɗe hoton da ya tura. Na sallami manyan baƙin da ke gabana, na fara rubuta wannan, sai yau na kammala.

Baba, kai ka raini injunan unguwarku. Injin niƙa, janareta, famfon ruwa, keken ɗinki, duk wanda ya yi tari wurinka ake kawo shi. Ba ka taɓa kwance ƙarfe ba sai ka ɗauke shi hoto tukuna, ka ce injin ma yana da haƙƙin a tuna kamanninsa. A kowane hoto kuma sai ka ajiye hannunka na hagu a gefe, wai don a gane girman abin. Hannun nan mai yatsa huɗu, wanda bel ɗin injin niƙa ya cire wa zakka. In wata ya ƙare ka kai a wanke hotunan, ka zauna da almakashi da gam kana liƙawa a manyan littattafai, ka rubuta a ƙasa: "Na tela, ya tashi." "Na mai wanki, bai tashi ba, Allah ya ba shi haƙuri."

Tsohuwar nan mai markaɗe ba za ta manta da kai ba. Ka wuni a kan injinta, da ta tambayi ladan aikinka ka ce ta matsa gefe kawai, inuwarta na ɓata maka hoto.

Allah ya ba ka 'ya'ya masu ilimi. Babbansu ya saya maka waya mai kyamara, ba don ƙauna ba, don ka daina zuwa ofishinsa rungume da littafi kana nuna wa abokan aikinsa. Aka saka ka a zauren hirar iyali. Kullum safiya ka tura hoto, ka rubuta: "Ku ga wannan." Shiru. Ran da aka amsa maka, 'yar autarka ce: "Baba don Allah, kana cika mana waya." Daga nan suka buɗe wani zauren ba kai, suka bar ka a tsohon kana ta yi wa bango sallama.

Ka riƙa tsallaka titi wurin mai cajin waya. "Ƙwaro, duba mini abin nan, ko lalacewa ya yi? Ba a amsawa." Shi kuma da ba ya ɓoye magana ya ce, "Wayarka lafiya lau, Angon Ƙarfe. 'Ya'yanka ne ke buƙatar gyara." Ka yi dariya ka ce waɗannan ba ka da sifanarsu. Ka koma ka tura wani hoton.

Da ka rasu, aka nemi hotonka na sanarwa. Wayoyin 'ya'yanka cike da hotunan biki, da na mota, da na abincin da suka ci, babu fuskarka ko ɗaya. Aka duba taka wayar, sai ƙarafa da hannu. Da ƙyar aka samu ɗaya a maƙwabta, shi ne wanda suke ta yaɗawa yanzu da kalaman kewa masu tsawon da ba ka taɓa samun rabinsu ba kana da rai.

Tabarmar zaman makoki ba a naɗe ba, babban ɗanka ya kira mai gwangwan aka auna ƙarafan shagon. Littattafan kuwa, da yake takarda ba ta da nauyi a sikeli, aka jibge su a baron mai shara. Inna, matarka, tana takaba, ta ce daga bayan labule, "Ku bar mini ko ɗaya." Ya ce, "Inna, ƙura ce kawai da kyankyasai."

A nan ne ofishina ya buga masa waya, cewa hukumarmu ta daɗe tana neman irin wannan taska, kuma tana saka wa magada da alheri. Baba, da ka ga gudu. Ɗanka da takalmin ofis ya bi mai shara har bakin juji. 'Yar auta ta sa mayafinta tana goge bangon littattafan. Suka zauna a falo suna buɗewa shafi-shafi, kowa na rantsuwa shi ka fi nuna wa. Sai ga su sun kalli hotunanka duka, har suna cewa, "Ku ga wannan." Jiya babban ya naɗe littattafan a sabon zane, ya ɗauko da hannunsa, ya sa a motar da muka aiko, har yana ce wa direba ya bi a hankali.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa aikin da hannun nan ya yi wa mutane ya tarbe ka. Allah ya ba Inna haƙuri da juriya. 'Ya'yanka kuma, Allah ya ba su 'ya'ya masu amsa saƙo.

Saura magana ɗaya, ku 'ya'yan Baba.

Babu wani Gidan Adana Hotunan Injuna. Babu ofis, babu manyan baƙi. Muryar da kuka yi ta ce wa "ranka ya daɗe" tawa ce, hanci na toshe. Motar ta abokina ce mai dakon buhuna. Ta zagaya layi ne ta tsaya a ƙofar baya, littattafan suna ɗakin Inna, ƙarƙashin gadonta. Mai son ganinsu sai ya shiga ya gaishe ta tukuna, in har ya tuna hanyar.

Hoton sanarwar ma ni na ɗauka. Baba yana gyangyaɗi na kifa masa mazurarin mai a ka, ya farka. Kun yanke mazurarin daga hoton, kuna ta cewa ku dubi kallon dattako. Ba dattako ba ne, sifana yake nema ya jefe ni. Da ya huce, cewa ya yi in tura muku ko wannan zai sa ku dariya. Na tura a gabansa. Ba ku buɗe ba.

Ni ne Ƙwaro, mai cajin waya, tsallaken shagonsa. Allo na yi, ban yi boko ba, in kun ga kuskure ku gyara. Yallaɓai babba, ka san teburina. In za ka zo duka, ka zo da safe, lokacin da Baba yakan tsallako. Wurin ya yi mini shiru.