Ƙaramin Jirgin Ƙarfen da Na Kai Kano

Shekarun baya, lokacin da nake zuwa Guangzhou sarin atamfa da shadda, kayana suka maƙale a masana'anta, sai zaman jira a unguwar Xiaobei. Ni kuwa idan na zauna babu aiki, tunani ne abincina. Abokina, ɗan zangon Kumasi da ke harkar tura kaya, ya gaji da ganin fuskata, ya ce, "Alhaji, tashi mu je bakin teku kafin hawan jini ya kama ka a ofishina."

A mota ya yi mini bayanin wasan da yake yi. Wai mutane na ɓoye ƙananan akwatuna a wurare masu tarihi, su sa alamar wurin a intanet, wasu kuma su bi da waya su nemo. Na ce, "To, idan ka nemo fa?" Ya ce, "Shi ke nan, ka nemo." Na daɗe ina kallonsa.

Inda motar ta ajiye mu, wani tsoho ya ɗauke mu a kwalekwale mai inji zuwa wani dutse a tsakiyar ruwa. A kansa akwai farar hasumiya mai fitilar nuna wa jiragen ruwa hanya, fentinta duk ya ɓaɓɓake. Abokina yana jin Sinanci, shi ya riƙa fassara mini. Tsohon ya ce an gina ta tun zamanin da jiragen Turawa ke shigowa ɗaukar ganyen shayi da siliki, saboda duwatsun wajen sun ci jirage da yawa. Mahaifinsa ya yi gadin fitilar, a kwalekwale ake kawo masa mai da shinkafa da ruwan sha, idan iska ta taso kuma sai haƙuri. Na sa a tambaye shi wa ke gadi yanzu. Ya girgiza hannu ya ce, "Meyo," wato babu. Hasken rana ke kunna ta.

A ƙarƙashin matakala muka samu akwatin roba. Abokina ya ce ƙa'ida ita ce ka ɗauki abu ɗaya, ka ajiye wani, sannan ya tafi ɗaukar hoto. Na ɗauki wani ƙaramin jirgin ruwa na ƙarfe, na ajiye zoben azurfata, don kada a ce na ci riba.

Sai da na koma Kano maiɗakina ta lura da ɗan faranti a jikin jirgin mai lamba da rubutun Turanci. Ta ce, "Alhaji, wannan ai da mai shi." Na je wajen malamin unguwarmu, ya ce tunda na san inda na ɗauko, in mayar. Kunya ta hana ni kiran abokina. Na naɗe jirgin a hankici na kulle a akwati, na hana yara ko kallonsa. Watanni na yi, duk sallar da na idar sai ya faɗo mini a rai: idan na mutu da kayan wani fa, wanda ko sunansa ban sani ba?

Da na sake sauka a filin jirgin Baiyun, ko kasuwar Baima ban leƙa ba, na matsa wa abokina sai mun koma dutsen. Tsohon nan ya gane ni, yana ta "Lauban! Lauban!", wato maigida. Muna isa matakala na warware hankicin.

Abokina ya karanta farantin, ya zauna a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. "Alhaji, ka kashe ni! Wannan matafiyi ne. Mai shi so yake a ɗauke shi daga wannan akwati a jefa a wani, ya yi ta yawo. Kai kuma ka tsare shi a ɗaki kamar amarya, ka dawo da shi inda ya baro!"

Ni ban yi dariya ba. Na ce ya nemo mini mai shi, in nemi yafiya. Ya buga lambar farantin a intanet ta wayarsa. Ashe wata mata ce a wata ƙasa mai nisa, kakanta ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya sha wucewa ta gaban irin waɗannan fitilu. Har ta fitar da rai, ta rubuta cewa jirgin ya ɓace. Muka aika mata saƙo. Muna cin taliya a Xiaobei amsa ta zo: babu abin yafewa, ita dai tambayarta, a Kano akwai teku? Na ce a gaya mata babu, sai dam ɗin Tiga.

Ni da na tashi a kan cewa riƙon amana shi ne ka adana abu ka hana shi motsi, ban taɓa sanin akwai wadda sakinta ne cikawarta ba. A akwatin dutsen muka bar shi, wani ya ɗauka ya yi gaba. Har yau nakan kira abokina in ce ya duba mini inda ya kai, ya ce, "Alhaji, ba naka ba ne fa." Na sani. Ya dai duba.