Ranar da Garba Ya Yi wa Shanu Kiɗa

Duk wanda ya yi noma a Furfuri kafin zuwan garmar shanu ya san Garba Mai Ganga, domin a bayanmu yake yini. Mu muna duƙe da hauya, shi yana biye da mu da gangar noma rataye a kafaɗa, gangar da ta kusa fin shi girma. Ɗan ƙaramin mutum ne mai siraran ƙafafu, ga baki. Ban taɓa ganin wanda ya ci arzikin noma kamar Garba ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya ƙi jinin riƙe hauya kamarsa ba.

Kiɗan gadon gidansu ne. In mai gona ya raba goro ya kira gayya, samari suka taru don yi masa aikin yini guda a kan fura da tuwo, to goron farko gidan Garba ake kai shi. Kowane manomi a garin da takensa. Garba ba ya yi wa yaro take sai ya kalle shi damina guda, ya ga irin duƙawarsa, sannan ya ƙaga masa wanda ya dace da shi. Nawa, in faɗi gaskiya, ba na yabo ba ne. Cewa yake yi, Lawwali ba ka gajiya sai an sauke fura. Amma wallahi in ya kaɗa shi, tsigar jikina tashi take yi, in manta da ciwon baya, in yi ta ihu ina tsaga ƙasa kamar an yi mini babban kirari. Da kaka kuwa kowa sai ya ɗauki dami ya kai gidan Garba. Da haka rumbun matarsa Fatsuma yake cika, da haka suka aurar da 'ya'yansu.

Gwarzon gayyarmu shi ne Hussaini. Shi ne a kan gaba kullum, in ya kama kunya ba ya ɗago kai sai ya fita. Garba yana ji da shi fiye da kowa, in ya zo kan takensa har rufe ido yake yi.

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai gyaɗa ta yi daraja. Da kaka za ka ga jakai da raƙuma sun yi jerin gwano zuwa Gusau, kantuna suna saye, jirgin ƙasa yana kwasa. Auduga ma haka. Kowa ya shiga tunanin yadda zai ƙara faɗin gona. Sai ga malamin gona yana yawo a kan keke, yana nuna wa mutane garmar ƙarfe da shanu ke ja. Mun je Bunguɗu mun gani, muka yi dariya muka dawo. Hussaini bai yi dariya ba. Da ya sayar da gyaɗarsa ya ɗauko garma daga Gusau, ya sayi bijimai biyu a wurin Manu, wani Bafulatani mai ruga kusa da Karakkai. Manu ya yi rani guda yana horar da su, suna jan gungumen itace a fako har suka saba da karkiya.

Garba ya ji labari, hankalinsa ya tashi. Ba wawa ba ne. Ya san in Hussaini ya daina kiran gayya saura ma za su bi, kuma ranar da aka daina kiran gayya, ranar rumbunsa ya fara ramewa. Ya yi ta juya abin, har ya samo dabarar da shi kaɗai zai iya samowa. Na tarar da shi gindin tsamiya yana ɗan taɓa ganga a hankali, na ce, "Baba Garba, taken wa kake gyarawa?"

Ya ce, "Na baƙin Hussaini na. Duk wanda yat taka gona garin ga da niyyar aiki sai ya samu take, ko mutum na ko sa na. Haka nit tarad da ubana shina yi."

Na ce, "Ubanka ya taɓa yi wa sa kiɗa?"

Ya ce, "Sa ya taɓa noma zamaninai?"

Na wuce abina.

Da aka yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu, Hussaini ya fito da shanunsa da safe. Gari duka ya fita kallo, har tsofaffin da suka daina zuwa kasuwa. Manu yana gaba riƙe da igiya, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, Hussaini yana baya riƙe da garma. Suka ja kunyar farko, ta fito miƙe santal, ƙasa tana kwantawa gefe da gefe. Aikin da zai ci ƙato tun safe har hantsi, ga shi an gama kafin a tauna goro.

A nan Garba ya lallaɓo ya tsaya inda ya saba tsayawa, wato dab da bayan masu aiki. Ya gyara rataya, ya ɗaga hannu, ya sauke wa gangar nan duka da iyakar ƙarfinsa.

Bijiman da ba su taɓa jin abin da ya fi kukan sarewa ba suka zabura. Igiya ta kuɓuce wa Manu. Hussaini kuwa, da taurin kai irin nasa, ya ƙi sakin garma, suka ja shi a kan ciki. Garba ya ga shanu suna sheƙa gudu, ya ɗauka taken ne ya ratsa su, sai ya ƙara wuta yana bin su yana ihu, "Kun gani? Sun ji nasu! Sun ji nasu!" Suka tsallake iyakar gona, suka nufi gari, suka yi ciki da zanan wani gida. A duk gidajen Furfuri shanun ba su zaɓi na kowa ba sai na Inna Dije, uwar matar Hussaini, wadda tun da ya auri 'yarta bai taɓa yarda sun haɗa ido ba, in ya hango ta a hanya sai ya canza lungu. Tana tsakar gida tana daka, sai ga surukinta kwance a gabanta cikin taɓo, wandonsa ya tsaya can a kan shinge. Ta saki taɓarya ta rufe fuska da zane, shi kuma ya kife tasa a ƙasa. Babu wanda ya iya gaishe da wani.

Mun yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Hussaini ne kaɗai bai ga abin dariya ba. Da ya samu abin ɗaurawa ya fito, ya tsaya gaban Garba, ya ce, "Baba, zamanin gangag ga ya wuce. Sa bai son kirari, ciyawa shika so. Kak ka sake taka gonata."

A gaban mutane ya faɗa, kuma maganar ta zauna. Wannan damina duk mai ɗan hali ya nemi Hussaini ya yi masa huɗa da shanu. Gayyar huɗa, wadda ita ce babbar ranar Garba, ba wanda ya kira. Garba ya gwada zuwa biki a 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe ko zai samu na cefane, mata suka ce kiɗansa ba ya sa rawa, duƙawa yake sa mutum. Ya dawo ya rataye ganga a ɗaki, ya ɗauki hauya ya nufi 'yar gonarsa ta bayan gida. Fatsuma ta ce in ya yi sara biyu sai ya miƙe ya yi wa kansa kirari, sannan ya nemi inuwa. Muna tsokanarsa yana ramawa, amma na ga ya rage surutu, kuma na tausaya masa ƙwarai. Mutum ya tsufa yana tsakiyar kowace hidima, rana ɗaya a wayi gari ba mai aiko masa goro.

Abin da Hussaini bai lissafa ba shi ne ciyawa. Da ya ga huɗa ta yi sauƙi, sai ya huɗe gonarsa, ya huɗe ta ƙanensa, ya shiga saurar da aka daɗe da bari ya huɗe, ya zuba gyaɗa ko'ina. Ruwa ya zauna sosai a shekarar. Gyaɗa ta fito, harƙiya ta fito tare da ita, har ta fi ta sauri. Shanu kuwa ba su san gyaɗa daban ciyawa daban ba, ba a shiga da su tsakanin shuka. Sai hannu, sai hauya. Hussaini da iyalinsa suka yi ta fama, in sun nome gabas kafin su kai yamma gabas ta sake rufewa.

Dole ya raba goro ya kira gayya, amma girman kai ya hana shi aikawa gidan Garba. Na je, don haka ba labari aka ba ni ba. Mun taru ba mu da yawa, domin wasu samarin sun tafi Gusau aikin dako. Muka duƙa shiru kamar masu haƙar kabari. Ba ka jin komai sai ƙarar hauya da nishi. Tun hantsi aka fara tambayar ina fura, kuma kada a ce ni na fara. Kafin azahar wannan ya tuna yana da baƙo, wancan ya ce cikinsa. Muka watse, ciyawa tana nan kamar ba a taɓa ta ba.

Kashegari Hussaini ya wanke ƙafa ya tafi gidan Garba da goro a hannu. Ina zauren gidan ina gyara ƙotar hauya, na ga shigowarsa. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya sake gaisuwa, ya tambayi lafiyar gida har da ta awaki. Garba yana kallon rufin ɗaki.

Daga bisani Hussaini ya ce, "Baba, gyaɗata za ta mutuwa."

Garba ya ce, "Allah sarki. Ka gaya ma shanu?"

"Baba, na yi kuskure. Kunya ta ta ɗebe ni rannan."

"Ni dai an ce mani zamanina ya wuce. Mi zan yi gonar zamani?"

Sai muryar Fatsuma daga cikin gida: "Malam, amshi goron ga. Fushinka za mu tuƙa da kaka?"

Garba ya yi tsaki, ya miƙa hannu ya karɓa. Sharaɗinsa ɗaya ne, Manu ya kwashe bijiman ya kai su ruga sai an tashi.

Da yammacin ranar ya sauko da ganga, ya kakkaɓe ƙura, ya fita bakin gari ya kaɗa kiran gayya. An ji shi har Karakkai. Da gari ya waye mutanen da suka hallara sun ninka na farko, har da waɗanda ba a ba goro ba, har da biyu da suka baro dako a Gusau don sun ji Garba zai fito. Muka jeru. Ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya da take, kowa ya ji nasa sai ya yi kururuwa ya ƙara mai. Da ya iso kaina da zancen furar nan, na yi dariya, sai kuma na ji idona ya cika, domin ban san na yi kewarsa haka ba. Hussaini yana kan gaba kamar da, bai ɗago kai ba. Ciyawa ta yi ta zubewa, gyaɗa tana fitowa kore shar a bayanmu.

La'asar ta yi, saura ɗan yanki a ƙarshen saurar, sai muka ji wani sauti maras daɗi, kiɗa ya tsaya. Fatar gangar ce ta fashe. Ta daɗe a rataye ba mai shafa mata mai, ta bushe, ga dukan yini guda. Muka miƙe muna kallonsa. Garba ya sa yatsa cikin ɓarakar, a lokacin na ga tsufansa sosai. Ya ce a hankali, "To, ita ma ta hwaɗi tata."

Muka koma muka ƙarasa yankin, shi kuma yana biye da mu yana kiran taken kowa da baki, muryarsa a dushe. Hussaini bai tsaya an gama ba. Ya ajiye hauya ya nufi gida da sauri, har wasu suka fara gunaguni, wai mai gona ya gudu ya bar baƙinsa.

Muna zaune bakin gona muna wanke hannu sai ga shi ya dawo. Babbar akuyar gidansa ya je ya yanka. Nama yana wurin mata, fatar kuma tana hannunsa, ɗanya, ko ninke ta bai yi ba. Ya wuce mu duka, ya durƙusa gaban Garba ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, a jeme ta da kyau. Baɗi gonag ga ƙaruwa za ta yi, ba ni iya mata ni ɗai."

Garba ya karɓa, ya juya ta, ya ɗaga ta sama yana dubawa, ya ce akuyar ba ta sha kiwo ba, fatar ma da ƙyar za ta yi. Aka kawo tuwo, aka ce ya ajiye ta ya ci abinci. Ya ƙi. Da hannu ɗaya ya ci tuwonsa, ɗayan yana riƙe da fatar a kan cinyarsa.