Malam Ɗahiru da Ke Karanta wa Masunta Littafi

Rana ba ta ɗagawa a Wara sai Malam Ɗahiru ya riga ya buɗe ɗakin karatu, ya share, ya kakkaɓe littattafan da ake aikowa daga Sakkwato, ya duba ko gara ta yi ɓarna. Yawancinsu da Turanci suke, yawancin mutanen garin kuwa masunta ne da manoma. Da wani ma'aikacin ne, da ya yi zamansa yana gyangyaɗi har a tashi. Shi kam sai ya riƙa karanta su da kansa, na tarihi da na kasuwanci da na halayyar ɗan Adam, ran kasuwa kuma ya fito da benci ƙofa ya juya wa jama'a abin da ya gano da Hausa. Bana ya ajiye aiki, kuma ba za a ba da labarinsa ya cika ba sai an haɗa da Illo.

Illo tsohon masunci ne, cikin waɗanda aka tasa daga gungunsu, wato tsibirinsu, lokacin da madatsar Kainji ta cinye shi. A gindin tsamiyarsa ake hira da can. Ya daɗe yana faɗa wa samari su bar taru mai ƙananan idanu, su kuma ƙyale lungun ruwan da kifi ke zuba ƙwai da damina. Sai su ce, "To, Baba," su tura jiragensu can ɗin.

Wata ranar kasuwa Malam Ɗahiru ya ba da labarin wani teku mai nisa da kifinsa ya ƙare ƙaf, don kowane masunci cewa yake in bai kama ba wani zai kama. Ba a yi mako ba wani saurayi mai suna Dogo ya maimaita labarin a gaban sarkin ruwa, aka yarda a rufe lungun har kaka.

Illo yana wurin. Abin da ya yi shekaru yana nema ya samu, amma ranar ko tuwo bai iya ci ba. Ba wanda ya ambaci sunansa. Duk inda ya juya, "Malam Ɗahiru ya ce" yake ji. Tabarmar gindin tsamiya ta koma daga shi sai akuya.

Matarsa Hansatu ta ce, "Malam, ba abin da kake so ke nan ba?"

Ya ce, "Mutumin da bai taɓa riƙa filafilin tuƙa jirgi ba? Ni na hwaɗi, an mai da ni tsohon banza. Takarda ta hwaɗi, ta zama gaskiya."

Daga nan ya fara jefa magana a bakin ruwa, a hankali, kamar mai ba da shawara. Wa ke biyan Ɗahiru albashi? Gwamnati. Wa ya tashe su daga gungu? Da takarda aka zo a wancan karon ma. Yau lungu guda, gobe tafkin duka. Mutanen da suka ga ruwa ya haye kabarin iyayensu ba su buƙatar a faɗa musu sau biyu. Aka buɗe lungun, taru ya koma ciki, benci ya bushe.

Malam Ɗahiru, kai ne ka ci gaba da fito da bencin nan kowace kasuwa, ka zauna kai kaɗai da littafinka a cinya. Ka san bakin da maganar ta fito. Dogo ya shaida cewa ya same ka yana huci, ya ce a kai ƙara wajen hakimi, ka ce masa, "Bar shi. Wanda aka raba da gidansa sau ɗaya yana da dalilin tsoro. Kuma shi ya riga littafin faɗa, mu muka ƙi ji." Gishiri, ba ka cewa kana cikin miya.

Damina biyu aka yi a haka. Illo yana tsaye a gaɓa yana kallon ana juye 'yan mitsi-mitsin kifin da ba su kai yatsa ba, giwan ruwa kuwa sai labari. Ba shi da bakin hanawa, don shi ya ce hanin makirci ne. Wannan ya fi komai cinsa. Maganar da Malam Ɗahiru ya yi wa Dogo ma ta iso kunnensa, ta ƙara masa haushi, don ya fi son a zage shi ya rama.

Bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ran wata kasuwa dai aka ga ya ratso tsakiyar jama'a da sandarsa, ya zauna a kan bencin, ya ce, "Karanta mu ji ƙaryar yau."

Malam Ɗahiru ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," ya buɗe littafi.

Waɗanda suka ga Illo zaune suka matso ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina ta faɗi an sake rufe lungun, kuma har yanzu ana rufewa. Tun daga ranar Illo bai fasa zuwa ba, kuma ba shafin da ke wucewa bai yi masa gardama ba. A wajen ne jama'a suka ji dalilin da farashin kifi ke faɗuwa in kowa ya kai kasuwar Yauri rana guda, mata masu bandar kifi suka fara raba ranaku a tsakaninsu.

Da aka je neman ta bakin Illo kan wannan rubutu, an same shi a bakin ruwa. Ya ce, "Jarida za a sa shi? To. Karatu dai ya iya, haƙuri kuma ya fi ni. Amma ku rubuta bai san ruwa ba."

An rubuta, Baba Illo. Kai kuma Malam Ɗahiru, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Duk wanda Allah ya ba karatu a garin da ba kowa ke da shi ba, ya fito da bencinsa waje, ko da zai fara zama shi kaɗai.