Warwaron Ladi

Warwaron ne ya fara ɗaukar idona. Ina da shekara takwas, muna zaune a tsakar gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, can saman dutse inda mota ba ta iya hawa, kakata tana suyar gyaɗar da za ta sayar washegari. Ta sunkuya za ta hura gawayi, sai wani abu ya zamo daga wuyan rigarta yana lilo a jikin baƙin zare. Warwaro ne na azurfa, ɗan mitsitsi, wanda ko hannuna ba zai shiga ba.

"Sitti, na waye wannan?" Haka muke kiranta, yadda 'ya'yan Makka ke kiran kaka.

"Na uwar tambaya ne," in ji ta, ta mayar da shi cikin riga. "Matsa can, ya binti, 'yata, hayaƙi sai bin ki yake kamar ya ga amarya."

Kullum bayan magariba muke kewaye wannan murhun, mu jikoki, tana juya gyaɗa cikin yashi mai zafi tana ba mu tatsuniya. Amma kafin ta fara, akwai abin da ba ya fashi. Wani tsoho, Baba Ɗanjuma, mai ɗaki ɗaya a ƙasan layinmu, zai hawo da sandarsa ya zauna a bakin ƙofa. Sitti za ta tashi da kanta ta ajiye masa kwanon tuwo, da miyar da ta fi ta kowa nama. Shi kuma ya ce, "Kulu, a yafe." Ita kuma ta ce, "Ci abincinka." Mun saba da jin haka har muna ɗauka gaisuwa ce.

Ranar da na ga warwaron, ba ta ba mu labarin Gizo ba. Ta ce, "Ga wata nan tafe daga nesa, ku ba ta hanya." Muka ce ta shigo mu ji ta.

Wai a zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, akwai wata mata da 'ya'yanta uku: saurayi, da yarinya 'yar shekara goma sha biyu, da auta 'yar biyar mai tsaga uku a kowane kumatu. Ubansu ya rasu a hanya, a gonakin audugar Sudan inda suka tsaya ƙwadago. Yarinyar nan ita ta goya autar tun daga gida har bakin teku, har bayanta ya yi kanta. A bakin tekun suka maƙale wata da watanni, masu jirgin ruwa ba sa ɗaukar wanda ba shi da komai. Wata safiya saurayin ya kama hannun auta ya ce zai sayo mata dabino. Da azahar ya dawo shi kaɗai yana kuka, wai ta ɓace a kasuwa. Kwana uku suna nema. A na huɗu sai ga shi da wurin zama na mutum uku a jirgi, ya ce wani bawan Allah ne ya taimaka.

"Suna tsakiyar ruwa," in ji Sitti, ta daina juya gyaɗar, "yarinyar ta sa hannu a jakar yayanta tana neman allura. Sai ta taɓo warwaron ƙanwarta. Yaron da ya ɓata da kansa, da warwaronsa yake ɓata. Wannan cire shi aka yi kafin a miƙa ta."

Uwar ba ta daɗe ba bayan sun iso. Tana kwance ta riƙe hannun yarinyar ta ce, "Na san abin da ya yi. Amma ɗana ne. Ki rantse ba zai kwana da yunwa ba kina raye." Yarinyar ta rantse. Da ta fita waje ta fuskanci Ka'aba ta yi rantsuwa ta biyu, wadda ba wanda ya sa ta: ba zai taɓa jin kalmar yafiya daga bakinta ba sai autar ta dawo ta faɗa da kanta.

Gyaɗar ta fara ƙauri.

"Sai me, Sitti? Wani ɗan sarki ya auri autar, ko?"

"Ke komai ɗan sarki. Halas, ya isa haka, ku tashi ku yi isha'i."

Duk tatsuniyarta da ƙurunƙus take rufewa. Wannan ba ta rufe ba.

Na girma da littattafan soyayya da alhazai ke kawo wa mahaifiyata daga Kano, masu bango mai furanni, inda ɓatacciya kan dawo a babbar mota a shafi na ƙarshe kowa ya rungume kowa. Na yi ta tsara wa autar irin wannan dawowa a raina, har kayan da za ta sa na zaɓa mata. Sai da na kai sha huɗu na bi Sitti Mina sayar da gyaɗa lokacin aikin Hajji, na ga ba cinikin ne ya kai ta ba. Duk baƙar mace mai shekaru da ta gifta, sai ta leƙa kumatunta. Wata da ta hango da tsaga, ta bar tiren a ƙasa ta bi ta da gudu tana kiran "Ladi! Ladi!" Matar ta juyo, ba ita ba ce. Da muka koma gida, Baba Ɗanjuma ya hawo ya ce, "Kulu, a yafe." A ranar na ji maganar da kunnen da ban taɓa ji da shi ba, na kasa cin tuwona.

Shekarar da aka shafa wa gidajen layinmu jan fenti za a rushe, ciwo ya kwantar da Baba Ɗanjuma. Ba mata, ba ɗa. Sitti ce ta sa aka ɗauko shi zuwa gidan hayar da muka koma, ta ba shi ɗakinta. Ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunu cokali-cokali. Shi kuwa tsoro ya cika shi, domin ya san abin da kowa ya sani, cewa haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke. Ya yi Hajji sau ba adadi, amma abin da yake nema yana bakin ƙanwarsa.

Na durƙusa gabanta ina kuka. "Sitti, a Makka fa muke. Mutuwa zai yi."

"Ita Ladi kuma a ina ta mutu? Wa ya ba ta ruwa?"

Da hantsin ranar da zai cika, ya kama bakin mayafinta. Muryar ta kusa ƙarewa. "Kulu, don Allah."

Ta ɗiga masa zamzam a baki, ta goge masa haɓa a hankali. Sannan ta ciro warwaron ta riƙe shi daidai idonsa.

"Yaya, wahalar da na sha a kanka, na bar maka ita. Na cika wa Inna alkawari, ba ka taɓa kwana da yunwa ba. Na Ladi kuwa ba nawa ba ne da zan bayar. Je ka same ta ka roƙa."

A ranar ya cika. Ita ta rufe masa ido.

Daga baya na karanta manyan littattafan Turawan da, waɗanda aka juya da Larabci, cike da mata masu ƙarar da rayuwarsu a kan danginsu, kuma kusan dukansu da yafiya suke ƙarewa. Na daɗe ina son Sitti ta zama irinsu. Yanzu da nake da 'ya mai shekara biyar, nakan riƙe tsintsiyar hannunta in tuna wani ya zauna ya zare warwaro daga irin wannan hannun, yana lallashi, yana cewa ga dabino can. Idan na tuna haka, ba na ganin Sitti ta yi tsauri. Kowa ya manta da yarinyar nan, har uwarta ta zaɓi wanda ya rage. Mutum ɗaya ce ta tsaya mata.

Sitti tana nan da rai, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni. Duk lokacin Hajji sai ta sa in jawo kujerarta dab da talabijin, hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana bin fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya. Bara na ce ta ba 'yata warwaron, tunda zai shige ta daidai. Ta damƙe shi a ƙirji.

"Yana da mai shi," ta ce. "Ƙaro hasken, ban ga waccan da kyau ba."