Ranar da Gangar Garinmu Ta Yi Muryar Sauro

Bari in fara da gaskiya: ni wawa ne, kuma wautar ba ta tsufa ba ce, da ita aka yanke mini cibi. Shekara uku ina riƙe da allo ban wuce Tabbat Yada ba, ga ni bahago, kullum Malam na ƙwala mini alƙalami a hannun hagu. Daga ƙarshe ya ce da ubana ya kai ni gona, wataƙila gero ya fi shi haƙuri. Abu ɗaya tak na taɓa koya da kyau, a bakin murhun kakata, kuma da ban koye shi ba da ya fi wa garinmu Matameye alheri.

Lokacin Nasara ba su shigo ƙasar Damagaram ba. Garinmu kewaye yake da kafi, domin mahara kan zo bisa dawaki su kwashi mutane a gona. Kakata, Iya Tabawa, shiɓa da kaɗi ne sana'arta. In an ci tuwo bayan magariba sai ta iza wuta, ta jawo auduga da bakan shiɓa, mu zauna gabanta, ni da yayata Ladi, wadda ta goye ni har na yi wayo. Iya ba ta kirana Tanko, sai Maigida, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, yau ma ba cefane? To matso da kan nan naka mai kama da ƙwarya, ka tare mini iska."

Wata rana na tambaye ta me ya sa bakanta wani lokaci yakan yi gurnani, wani lokaci ya yi kuka siriri. Ta sassauta tsarkiyar, ta ja ta saki. Na ga tana lilo, ido na iya bin ta, muryar kuwa mai kauri kamar nishin bijimin sa. Ta ɗaure ta tamau, ta sake ja. Wannan karon idona ya kasa kama ta, sai da na ɗora yatsa na ji tana yi mini cakulkuli, kukan kuma ya koma siriri.

"Duk abin da ka ji yana kuka, rawa yake yi," in ji ta. "Mai rawa a hankali, muryarsa kauri. Mai rawa da sauri, siririya. Ba ƙarfi ba ne, Maigida, sauri ne. To ku buɗe kunne, ga wata nan tafe."

Ladi ta ce, "Ta iso, akwai tabarma."

Wai Sarkin Dawa ne yake neman ɗan aike. Buzuzu ya zo, fiffikensa na kaɗawa a hankali, yana "buuu". Sauro ya yi masa dariya, ya ce kafin wannan ya kaɗa sau ɗaya shi ya kaɗa sau goma. Aka ba Sauro aikin. Ran nan gobara ta tashi a dawa, Sauro ya bi kunne kunne yana cewa, "Wuta! Wuta!" Amma tsananin saurin fiffike ya sa muryar ta fito siririya, irin ta mai roƙo. Kowa ya ce jini yake so, ya kai masa mari ya ci gaba da barci. Wuta ta cinye su. Iya ta ce shi ya sa har yau yake zuwa kunnenmu, saƙon nan yake ta maimaitawa, mu kuma muna ta marinsa.

Ladi ta ji tausayin Sauro har da hawaye. Ni kuwa tatsuniyar ta bi ta bayan kunnena. Tsarkiyar nan ce ta zauna mini a kai.

A zauren maƙwabcinmu, Baba Nomau makaɗi, akwai wata babbar ganga ta gari. Ba a taɓa ta sai an hango mahara. Da gangan yake barin fatarta sako-sako, don ta yi murya mai kauri da ke ratsa dawa ta daki ƙirjin mutum. Kowa ya san in ka ji wannan gurnani, ka yar da hauya ka nufi kafi. Siririn kiɗa kuwa na gayya ne, ana jinsa kullum da damina, ba wanda ke ɗaga kai dominsa.

Sai na ce a raina, in baka ya sauya murya, ganga fa?

Da hantsi, Baba Nomau ya tafi gona, na shiga zauren. Na jiƙa igiyoyin fatar, na taka gangar da ƙafa na ja su ɗaya bayan ɗaya, na ƙulle, na mirgina ta gefen wutar da ya bari. Da ta bushe na ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Wallahi ta yi mini "tin!" kamar ƙaramin tandu. Daɗi ya kama ni, na ga ashe ni ma masani ne. Na zo kwancewa, ƙullin ya bushe ya ƙi. Na mayar da ita mazauninta, na rufe da buzun da ake rufe ta da shi, na ce gobe na dawo da wuƙa. Goben ta zo, tsoro ya hana ni.

Kwana biyu bayan haka, mai gadi a kan kuka ya hango ƙurar dawaki ta wajen hanyar Kurni. Baba Nomau ya ciro gangar ya doka da duk ƙarfinsa. Ina tsaye a ƙofar gida na ji ta. Tin, tin, tin. Ya tsaya ya dube ta, ya sake dokawa yana ihu, ba lokacin kwancewa.

Waɗanda ke gonakin kusa sun ji ihun, sun tsira. Na nesa sun ji kiɗan, suka ɗauka gayya ce a gonar wani. Wata mata da ta ɓuya cikin gero ta ce Ladi, da ke kan hanyar kai abinci gona, har ɗan rausayawa ta yi da ƙwaryar fura a kai. Mutum bakwai aka tafi da su ran nan. Yayata na ciki. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Gari ya taru a kan Baba Nomau. Aka ce sakaci ya yi, ya bar ganga kusa da wuta. Aka karɓe ta daga hannunsa aka ba wani, mata na wucewa ta ƙofarsa suna tofar da yawu. Bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba. Iya ta ci gaba da shiɓa, amma ba ta ƙara yin tatsuniya ba, kuma daga ran nan Tanko take kirana har ta koma ga Allah.

Bayan na yi furfura, wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya gaya mini wai Nasara na da abin da ke ƙirga rawar nan, su san sau nawa igiya ke kaɗawa. Na ce masa Iya Tabawa ta riga su, da bakan shiɓa. Abin da ni ban gane ba sai da girma shi ne, ta ba ni abu biyu a zama ɗaya, yadda ake sauya murya da abin da ke faruwa in an sauya ta. Na ɗauki na farko na bar na biyu.

Baba Nomau ya daɗe a duniya, yana tufkar igiya a zaurensa. Na zama magidanci, nakan kai masa damin gero duk kaka, ba na bari mu haɗa ido. Shekarar da zai rasu, na ajiye damin zan juya, sai ya riƙe mini hannu. Na hagun. Ya juya shi yana dubawa kamar mai taya akuya.

"Tanko," ya ce, "ni na yanke ƙullin nan da wuƙata. Ɗaurin bahago ne."